Sayen Karsana Ruwa Biyu Don Maye Gurbin Tsohuwar Saniya

A tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai akwai tambayar da takan taso duk sa'ad da aka zo maganar shanu. Tsofaffin shanun garke sun gaji, wata haƙoranta sun cinye, wata ta zama juya, wata hantsarta ta lalace. To, da me za a maye gurbinsu? A riƙe 'ya'yansu mata a yi renonsu, ko kuwa a haɗa kuɗi a sayo karsana ruwa biyu mai jinin shanun madara na Turai? Masu son a sayo sukan ce ai ruwa biyu ta fi nono nesa ba kusa ba. Ba su yi ƙarya ba. Amma kafin ma'aji ya buɗe akwati, mun ga ya kyautu mu kawo muku labarin manoman Ayalan da Birtaniya, gama sun yi fiye da shekara 50 suna wannan ciniki, sun ci ribarsa, sun kuma sha wuyarsa.

Garke iri biyu

A waɗannan ƙasashe an raba shanu gida biyu. Akwai shanun tatsa, waɗanda ake kiwonsu don madara kaɗai. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa sai a raba uwa da ɗanta, a riƙa ba maraƙin madara a bokiti, ita kuwa a tatse ta da inji safe da yamma. Akwai kuma waɗanda za mu kira shanun goyo. Su ba a tatsarsu ko ɗigo. Maraƙi yana biye da uwarsa a makiyaya yana shan nononta duka har wata 7 zuwa 9, sa'an nan a yaye shi, a sayar ko a yi masa kiwon turke don nama. Watau amfanin gonar mai shanun goyo shi ne maraƙi ɗaya daga kowace saniya a kowace shekara. Wadda ta tsallake shekara ba ta haihu ba, ta ci ciyawar shekara a banza.

Mai shanun goyo 50 yakan fitar da kamar 8 a shekara saboda tsufa ko rashin ɗaukar ciki ko ciwo, dole kuwa ya shigo da karsana 8 su tsaya a gurbinsu. Inda zai samo su shi ne zancenmu.

Hanyar da suka daɗe suna bi ke nan. Mai shanun tatsa ba ya bukatar dukan 'ya'yan garkensa. Shanunsa mafi kyau ne yakan ba bijimin madara domin ya sami masu gādon uwayensu. Sauran, da karsana masu cikin fari, sai ya ba su bijimin nama irin Herefod ko Angus, domin 'ya'yan waɗannan ba su da girma ainun a ciki, haihuwarsu da sauƙi. 'Ya'ya matan da suka fito daga wannan barbara ba su da amfani a gare shi, sai ya sayar da su tun suna 'yan makonni. Mai shanun goyo shi ne mai saye. Diyar bijimin Herefod da saniyar Firisiyan ba ta ɓuya: jiki baƙi, fuska fara fat. Daga shekarun 1960 zuwa na 1980 ita ce uwar garke a gonaki masu yawan gaske na Birtaniya da Ayalan. Da manyan shanun nama na Faransa suka shigo Birtaniya, Sharole a 1961, Limuzin a 1971, sai tsarin ya ƙara kyau: uwa ruwa biyu mai nono, uba bijimi na iri na uku mai tsoka, 'ya'yansu kuwa maza da mata duka a tura su mahauta.

Abin da suka samu

Na farko nono. A tashar binciken shanun nama ta Grange a Ayalan an jera shanu iri biyar a makiyaya ɗaya ana auna su shekara da shekaru, aka buga sakamakon a 2008. Saniyar da ubanta Limuzin ne, uwarta ta madara, tana ba ɗanta kusan kilo 10 na nono a rana. Tsantsar Limuzin da tsantsar Sharole kuwa tsakanin kilo 5 da 7 suka tsaya. Maraƙin ruwa biyu yana ƙara kamar kilo 1.1 kowace rana, na tsantsar Limuzin da tsantsar Sharole bai cika kilo 1 ba. A ido wannan bambanci kaɗan ne, amma a tara shi wata 7 ko 8, ranar yaye za a tarar ya kai wajen kilo 30 a jikin maraƙi guda. Su kuwa da sikeli ake ciniki.

Na biyu shi ne ƙarfin gaurayen jini. Idan aka haɗa iri biyu da ba su da dangantaka, abin da aka haifa yakan zarce matsakaicin iyayensa wajen ɗaukar ciki, da rayuwar maruƙa, da tsawon kwana a garke. A jihar Nebaraska ta Amurka an gwada haka da Herefod da Angus da Shothon, aka ga nauyin maruƙan da ake yayewa daga kowace saniya ya ƙaru da kimanin kashi 23 cikin 100 idan uwa ruwa biyu ce, ɗan kuma gauraye ne. Fiye da rabin wannan ƙari daga wajen uwar ya fito. Sai dai ku riƙe wannan, za mu komo kansa: ƙarfin nan a haihuwar farko ta gaurayen yake cika, daga nan sai ya riƙa raguwa.

Akwai kuma hali. Karsanar da aka rene ta da bokiti ta saba da hannun mutum tun tana jaririya, ba ta tsere ba ta tunkuyi. Tsohon manomi da ke aiki shi kaɗai ya san darajar wannan ranar da saniya ke naƙuda da tsakar dare.

Na ƙarshe, sauƙin sha'ani. Matsakaicin garken goyo a Ayalan bai kai shanu 20 ba. Mai irin wannan garke idan ya ce zai riƙe 'ya'yan gida, sai ya nemi bijimi na biyu mai haifar mata masu nono, ya sake shi kafin ya kai ga hawan 'ya'yansa, ya kuma ciyar da karsana shekara biyu cur ba ta kawo masa ko sisi ba. Da sayowa kuwa bijimi ɗaya ya ishe shi.

Kuɗin nonon

Nonon nan daga wani wuri yake fitowa. Saniyar nama idan abinci ya yi ƙaranci takan rage nono ta tsare jikinta. Mai jinin madara ba ta iya haka ba, gama an yi ɗaruruwan shekaru ana zaɓen kakanninta don su tsiyaye jikinsu a cikin bokiti. Ita sai ta ci gaba da ba ɗanta, kitsen bayanta yana narkewa, har a ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Duk inda aka auna su tare da shanun nama, ruwa biyu ce takan fi rama.

Ga inda abin yake ciwo. Cikin saniya kwana 283 ne ko kusa da haka. Idan ana son ta haihu kowace shekara a lokaci guda, kwana 80 da 'yan kai suka rage mata ta warke, ta nemi bijimi, ta ɗauki wani cikin. A daidai waɗannan kwanaki ne kuma nononta ya fi yawa. Ramammiyar saniya takan yi jinkirin neman bijimi. Ta makara mako uku bana, mako shida baɗi, shekara ta uku ta fita daga layi gaba ɗaya. Mai cikin fari ta fi shiga wannan hatsari, domin ita tana goyo tana kuma kan girma. Kilo 30 ɗin da aka samu a jikin maraƙi ba zai biya maraƙin da ba a haifa ba.

Saboda haka a gonakin kwari masu ciyawa mai kyau, inda ake adana ɗanyar ciyawa isasshiya don hunturu, ruwa biyu ta yi abin yabo. A kan duwatsun Sikotilan da Wels kuwa, inda saniya ke kwana a waje cikin iska da ruwa tana cin ciyawa marar daɗi, manoma da yawa sun tsaya ga shanunsu masu gashi da juriya irin Galowe da Luwing da gaurayensu. Ba wai ba su san lissafin nono ba ne. Sun san ƙasarsu.

Yawan nono yana da nasa ciwon. Idan jariri bai iya shanye abin da ke hantsa ba, wani kan nonon yakan kumbura ya fi ƙarfin bakinsa, ya ƙi kama shi, daga nan sai sanƙarar hantsa ta shiga. Da shekaru suka tura sai hantsar ta zazzago tana jan taɓo, a fitar da saniyar tun ba ta tsufa ba. Mai yawan nono ita ce kuma ta fi kamuwa da ƙarancin gishirin maganisiyam a lokacin sabuwar ciyawa: a gan ta lafiya da safe, da rana ta kama tangaɗi, kafin likita ya iso ta mutu. A ƙarshe idan aka kai ta kasuwa, mahauci ba zai biya ta kuɗin da zai biya tsohuwar Sharole ba, 'ya'yanta ma ba su kai na tsantsar shanun nama cikar cinya ba.

Mai shanun tatsa don kansa yake kiwo

Wannan ne abin da ya fi ba su wahala, mu ma shi muka fi so ku yi tunani a kai. Wanda ya dogara ga sayowa ya sa rabin jinin garkensa a hannun wani mutum, wanda bukatarsa dabam ce.

Firisiyan ta dā a Birtaniya saniya ce matsakaiciya mai ɗan nama a jiki. Daga shekarun 1970 zuwa na 1990 masu tatsa suka koma ga Holstin na Kanada da Amurka, dogaye masu ƙashi a waje, masu madara kamar famfo. A 1975 saniyar tatsa a Birtaniya ba ta kai lita 4,500 a shekara ba, zuwa 2020 ta kai wajen 8,000. Su masu tatsa sun sami abin da suke nema. Amma mai shanun goyo ya wayi gari ya ga karsanar da yake saye, sunanta bai sake ba, fuskarta fara kamar ta dā, amma ba ita ba ce. Ta fi tsawo, ta fi ci, ta fi saurin rama, ɗaukar cikinta kuma ya ragu, domin a waɗannan shekaru an bi madara an manta da haihuwa. Ba wanda ya shawarce shi. Sai daga baya aka gyara. Ayalan ta fito da sabon ma'aunin zaɓen bijimai a 2001 wanda ya ba ɗaukar ciki muhimmanci, haihuwar shanun tatsa kuwa ta farfaɗo a hankali. Amma kafin nan wasu sun riga sun juya baya, suka koma riƙe 'ya'yan gida da jinin Simental ko Angus, wasu a Birtaniya suka karɓi wani gaurayen iri huɗu daga Amurka da ake kira Stabiliser, domin kawai su daina dogara ga garken wani.

Canjin bai tsaya nan ba. An ƙayyade wa manoman Tarayyar Turai yawan madarar da za su sayar daga 1984, aka ɗage dokar a 2015. Shanun tatsa a Ayalan suka tashi daga kimanin miliyan 1.1 a 2010 zuwa fiye da miliyan 1.6 a 2023, shanun goyo kuwa suka sauko ƙasa da 900,000. Maruƙa ruwa biyu suka yi yawa a kasuwa, amma yawa ba shi ne kyau ba. Wasu garkunan sun shigar da jinin Jazi, ƙaramar saniya mai kitsen madara marar nama. Da aka sami maniyyin da aka tace don ya ba da mace, mai tatsa yana samun magādan garkensa daga shanu kaɗan mafi kyau, ya bar sauran ga bijimin nama. Bijimin nan kuwa ya zaɓe shi ne don gajeren ciki da sauƙin haihuwa. Ko 'yarsa za ta zama uwa ta gari, wannan ba damuwarsa ba ce.

Sai kuma cuta. Ciwon haukan shanu da aka gano a Birtaniya a 1986 ya bi ta abincin kamfani mai garin nama da ƙashi, irin wanda aka fi ba maruƙan bokiti. Mafi yawan shanun da suka kamu na tatsa ne, a garkunan goyo kuwa sau da yawa waɗanda aka sayo daga garken tatsa ne suka faɗi. Akwai kuma ciwon hanji mai suna Johne. Maraƙa takan kamu tun tana 'yar kwanaki ta hanyar kashin manya ko madarar da aka haɗa daga shanu da yawa, ba za a ga kome ba sai ta shekara 3 ko 5, sa'an nan ta kama zawo marar tsayawa tana ramewa alhali tana ci. Kafin a gane ta riga ta shafa wa garke. Don irin wannan ne Ayalan ta wajabta gwajin cutar BVD ga kowane maraƙi tun 2013, da ɗan naman kunne da ake cirewa wajen sa masa lamba.

Yadda masu hankalinsu ke saye

Manoman da har yanzu suke cin ribar ruwa biyu, galibi ba a kasuwa suke tsince-tsince ba. Sukan ƙulla da garken tatsa ɗaya ko biyu da suka sani, su je su ga uwayen da idonsu, su ga takardun gwajin cuta, wasu har su yi yarjejeniya a kan bijimin da za a yi amfani da shi, su ƙara ɗan kuɗi a kan kowace maraƙa. Sukan tambaya ko ta sha dakashi isasshe a sa'o'inta na farko. Sukan tambaya ko tagwaye aka haife ta, gama macen da ta kwanta ciki ɗaya da namiji, cikin 10 wajen 9 juya ne, ko da jikinta ya yi kyau kamar me. Sukan duba ƙafafu da kofato, da faɗin ƙugu, da kan nono huɗu daidai wa daida. Idan ta iso gida sai a ware ta mako 4 kafin ta shiga garke.

Burinsu ta haihu tana wata 24, watau a ba ta bijimi tana wata 15. Amma ba wata suke ƙirgawa kaɗai ba, sikeli suke bi. Sai ta kai kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyin da za ta yi in ta gama girma. Wadda za ta kai kilo 600, sai ta yi 360 zuwa 390. Cikin farin kuwa da bijimi mai ƙananan 'ya'ya, ba da Sharole ba.

Mu fa?

Shanunmu ba na goyo zalla ba ne, ba kuma na tatsa zalla ba. Nonon Bunaji tsakanin maraƙi da ƙwarya ake raba shi, ba ta ma sakinsa sai ɗanta ya fara tsotsa. Amma jinin da ake tallata mana shi ne dai na Firisiyan da Holstin. A Vom da Shika an daɗe ana haɗa shi da Bunaji, kuma a tashoshin nan, inda akwai abinci da magani, mai rabi da rabi ta ba da madara kusan ninki biyu na tsantsar Bunaji, ta kuma riga ta haihuwar fari.

Bambancinmu da Ayalan babba ne. A can uwa da uba duka 'yan ƙasar sanyi ne. A nan rabin jinin Bunaji shi ne garkuwarta daga zafin rana da kaska da kirci. Idan aka sake ba ta bijimin Turai, 'yarta ta zama kashi uku cikin huɗu baƙuwa, garkuwar ta ragu, wahalar kiwonta ta ƙaru. Idan aka haɗa ruwa biyu da ruwa biyu, 'ya'yan sukan fito barkatai, madararsu ba ta kai ta uwayen ba, domin ƙarfin gaurayen nan da muka faɗa ya soma zubewa. Idan aka mayar da ita ga bijimin Bunaji, nono ya koma baya. Watau ƙungiyar da ta sayi ruwa biyu yau, bayan 'yan shekaru za ta sake fuskantar tambayar manomin Ayalan: a ina za a samo na gaba? Gara a tattauna wannan a taro tun ba a saya ba. Inda akwai mai yin barbarar allura kusa, ƙungiya tana iya ajiye Bunaji masu kyau a riƙa ɗura musu maniyyin Firisiyan, ta haifi nata rabi da rabi a gida, ta san uwa ta san uba.

Launi kuwa ba shaida ba ne. Dabbare-dabbaren baƙi da fari ba zai gaya muku ko rabi ce ko kashi uku cikin huɗu ba. Wanda ba zai iya nuna muku uwar ba, ko ya faɗi uban, to, ku sani cikin duhu kuke saye. Ku tafi da malamin dabbobi, a gwada tarin fuka da bakkale. Bakkale an kawar da shi daga Ayalan, an tabbatar da haka a 2009, amma a nan yana nan, yana sa shanu ɓari, yana kuma kama mutane ta ɗanyen nono. Inda ƙudan tsando yake, a sa kuɗin maganin sammore cikin lissafi tun farko.

Babban lissafi dai na rani ne. Saniya mai goyo tana cin busasshen abinci kamar kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na nauyinta kowace rana. Mai kilo 350 tana bukatar kilo 9 zuwa 10. A kwana 180 na rani ya haura tan ɗaya da rabi ga saniya guda, kuma ba tattaka kaɗai ba, sai da harawar wake ko ta gyada, da dusa, da angurya ko tunkuzarta, da gishiri ko kanwa. Ruwa lita 50 ko fiye a rana idan zafi ya tsananta, da inuwa, da wankan kaska a kan kari duk damina. Mun sha ganin ana gardama sa'a biyu a kan farashin karsana, ba a yi minti biyar a kan wanda zai yanko mata ciyawa a watan Maris ba.

Shawararmu ga ƙungiyar da ta auna rumbun harawarta ta ga zai ɗauka ita ce ta fara da biyu, a hannun mamba mai rijiya kusa da mai son aikin. Magatakarda ya buɗe musu shafi a littafi tare da Bunaji biyu sa'o'insu: ranar barbara, ranar haihuwa, kwalabar madarar kowace rana, awon ƙirjin maraƙi da tef kowane wata, da kowace naira da aka kashe a abinci da magani. A jira har su yi haihuwa ta biyu, a ga kwana nawa ke tsakanin ta fari da ita, sa'an nan a kawo littafin gaban taro.